Ardon Wales

Da hutun Ista, zamanin da arzikin man fetur ya buɗe a ƙasarmu, ɗalibanmu na London kowa sai Paris. Ni kuwa na ja abokina Sule muka hau bas zuwa tsaunukan Wales: ga araha, ga iska.

Muna hawan tudu sai ga tumaki warwatse, ba makiyayi. Raina ya ɓaci.

"Dukiyar wani ta ɓata," na ce. "Matsa, Sule, ni jikan Fulani ne."

"Malam, ka bari mana," in ji shi.

Ina! Na naɗe ƙafar wando, na karyo sanda, na tattaro su kaf, na kora har gidan gona mafi kusa, ina jiran godiya.

Tsohon da ya fito ya dubi fentin shaidar masu su da ke bayansu, ja, shuɗi, kore, ya dafe kai. Ashe a can sakinsu ake su yi kiwo. Garkunan maƙwabtansa na cakuɗa, kuma ko ɗaya ba tasa.

Mun wuni muna rabawa. Ya ba mu shayi yana dariya har da hawaye, ya ce mu dawo baɗi.

Sule kuwa ya baza labari. Har yau, in na fito daga masallacin Regent's Park a London, sai wani ya ɗaga murya: "Ardo, ya garke?"