Rasuwar injin ban-ruwana a hannun Waliyyu

Waliyyu ɗan Yari ne ya kashe shi. In faɗi wannan tukuna, kada wani ya zo yana ce mini kwana ne ya ƙare.

Da zuciya mai ƙuna, ni Gudiya matar marigayi Arzika, ta Gumbin Kure, nake sanar da rasuwar injin ban-ruwana, ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara tara yana shayar da albasata.

Mamacin mai haƙuri ne. Ja ɗaya yake tashi, ya kama tu-tu-tu har azahar, bai taɓa barin fangali da ƙishirwa ba. Tun da maigidana ya rasu, shi ke ciyar da ni.

Ga yadda anka yi. Waliyyu, ɗan ƙanen mijina, ya are shi wai zai ba tattasai ruwa wuni guda. Ashe cire mishi kan famfo ya yi, ya ɗaura mishi bel, ya haɗa shi da injin casar shinkafa. Da ya ji yana nishi, sai ya ɗaure abin rage gudu da waya. Waɗanda sunka halarta sun ce kalmarsa ta ƙarshe ƙar-ƙar ce, sai hayaƙi.

Na kai gawa Jega wurin Aliyu makanike. Ya ce mamacin ƙarfin doki biyar da rabi gare shi, abin casar kuwa goma yake so. Na ce mi ne ƙarfin doki? Ya ce awo ne, kamar mudu. Doki ɗaya shi ne a ɗaga kilo saba'in da biyar, wajen buhun gero da bai cika ba, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum cikin daƙiƙa guda. Ban yi boko ba, amma na riƙe jaki shekara ashirin, na san ranar da anka ninka mishi kaya ranar yake durƙushewa. Waliyyu da ya yi sakandare, ga lambar ƙarfin dokin tana rubuce a jikin tankin injin, ja wur.

Mamacin ya rasu ya bar tiyo biyu, da galan, da fangali sittin na albasa da ta fara ƙwai. Ganyen ya soma kwantawa. Kwana uku nan gaba ba ruwa, sai a bi su da ta'aziyya su ma.

Ba za a yi jana'iza ba tukuna. Gawar tana ƙofar gidan Yari, cikin baro, kada kowa ya taɓa. Yari, kai ka aiko mini da goro da "a yi haƙuri, Yaya". Goronka yana nan. Gobe bayan asuba ka fito da ɗanka gaban mai unguwa, da inji mai rai a kafaɗarsa, ya faɗa wa jama'a wa ya sa shi ɗaure wayar nan.