Dutsen da Ya Ƙi Buɗe Baki

"…lafiya lau, Angona. Amma wannan ramar fa? Ko wata ka hango ta taga take hana ka sukuni?"

"Rufe mini ƙofa, Mai Kifi. Tun kina matakala na jiyo ƙarninki."

Mai Kifi jikar Kaka ce, sana'arta kula da akwatunan kifi na gilashi a ofisoshi da shaguna. Shi kuwa Kaka tsohon tela ne. Tun da matarsa ta rasu ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya kuma yi sallama da abinci. A kawo ya ce a ajiye, a dawo a tarar da kwano yadda aka bar shi. 'Ya'ya sun yi lallashi, likita ya yi nasa faɗan, duk a banza. Ita ce ta kinkimo akwatin kifi na ruwan gishiri ta girke masa a falo, ta ce ajiya ce. A cikinsa, ƙarƙashin inuwar wani dutse, akwai murjanin rana, wata halittar teku mai kama da curin ƙananan bututu ruwan lemo, kowane bututu da bakinsa. Haske ba ya ciyar da shi, sai an ba shi a baki. Tun da aka kawo shi kuwa bai buɗe ko ɗaya ba, duk da kullum bayan la'asar tana zuwa ta gwada.

Ta ajiye kular abinci a kan tebur kusa da gwiwarsa, ba ta ce komai a kanta ba. Ta leƙa akwatin. Murjanin ya ƙara tsukewa, ya zama kamar dutse. Ta dubi wuyan rigar Kaka da ya yi masa yawa, ta san ba dutsen kaɗai take jin tsoron rasawa ba.

"Kaka, wa ya zuba abinci a ruwan nan?"

"Wane ruwa?"

"Ga shi ya yi duhu kamar an wanke tukunya. Dubi kifin nan mai zane, tumbinsa har ya fi naka na da."

"Tumbina na da ya fi ƙarfin gidanku gaba ɗaya. Ubanki a kansa ya koyi zama."

"Ban tambayi tarihi ba. Wa ya zuba?"

Kaka ya kau da kai, yana gyara hularsa. "To, ni ne. Na ga abin yana ramewa, da safe na ɗebo jatan landen nan naki daga firiji na watsa masa."

"Ka watsa masa! Kaji ka samu?"

"Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci."

"Ba ya hanawa, amma bai ce a watsa wa maƙwabta ba. Kifaye ka yi wa walima, mai gida yana kwana da yunwa."

Faɗa take yi da baki, amma zuciyarta fari ƙal. Mutumin da ya ce ba abin da ya rage masa a duniya, yau shi ne ya tashi da kansa har gaban firiji saboda tausayin dutse.

"Ni fa murjanin da na sani a wuya ake sa shi," in ji Kaka. "Kakarki tana da shi, bai taɓa neman ko loma ba. Ke kin kawo mini mai baki barkatai, kamar 'ya'yan gwaggonki ranar hutu."

"Laifin babba rowa. Kai da ba ka ci, har kana ƙyashin mai ci?"

"Laifin yaro ƙiwuya. Aure na yi da ke don ki dafa mini, kin ɓuge da renon tsakuwa. Gobe zan sake ki."

"Saki sai da ƙarfin riƙe alƙalami, Angona. Kai da iskar fanka take kaɗawa?"

Ta ja labule falon ya yi inuwa, ta kashe injin da ke motsa ruwan. Ta narka jatan lande a ɗan kofi, ta zuƙi ruwansa kawai da sirinji, ta fesa a hankali kusa da murjanin.

"Ina naman? Ruwa kika ba shi. Ashe rowar gado ce."

"Ba a tura masa, Kaka. In ka matsa masa ƙara rufewa yake yi. Ƙanshi ake fara aika masa, kullum a lokaci ɗaya, sannan a ja baya a jira. Ran da ya ga dama zai buɗe."

Tana faɗin haka ta miƙa hannu ta baya ta sassauta murfin kular. Tururin romon kaza ya tashi ya cika falon. Kaka ya dubi kular, ya dube ta, ta yi kamar ba ita ba.

"In bai ga dama ba fa?"

"Sai in dawo gobe."

"Jibi fa?"

"Har gata. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Ke dai anya za ki sha romon wannan?"

Bai rufe baki ba ya matso da kujerarsa. A saman bututu ɗaya wasu siraran gashi rawaya sun leƙo, suna motsi a hankali. Na kusa da shi ya biyo baya. Kafin wani lokaci curin nan da ya yi kama da busasshen ƙashi ya baje kamar furanni.

"Kai! Mai Kifi, ya buɗe! Yi maza, kada ya fasa!"

Ta ɗauki matsefata ta kamo ɗan yankin jatan lande, ta zura hannu a ruwa. Da gangan ta bari ya suɓuce, kifi mai zane ya cafke.

"Wayyo, hannun faskare! Kawo nan. Ni da na ƙare rayuwata ina zura zare a kafar allura."

"Hannunka zai yi rawa."

"Na ubanki ne zai yi rawa."

Ya naɗe hannun riga. Yatsun da suka daɗe ba su riƙe komai ba sai carbi suka shiga ruwa, suka ɗora naman a tsakiyar baki ɗaya. Gashin suka naɗe shi, bakin ya haɗiye.

"Shi ke nan, ya ci."

"Wannan ya ci. Kowane baki da nasa rabon, kada ka tsallake ko ɗaya."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu faɗa, wannan makwaɗaici ne, wancan mai yanga ne kamar uwar ɗakinsa. Da ya gama ta kife musu robar ruwa da ta yanke gindinta, don kada kifaye su ƙwace musu kafin su haɗiye.

"Har da hula aka yi wa dutse," in ji Kaka, yana goge hannu. "To, gobe da la'asar kada ki makara. In kin makara ni zan ba su, ba na son a ɓata musu lokaci."

Kalmar goben nan ta fi mata komai daɗi. Amma sai ta ɗaure fuska.

"Aikinka bai cika ba, Tela. Ka tsallake baki ɗaya."

Ya sunkuya ya leƙa gilashin, ya duba sama ya duba ƙasa. "Ƙarya kike yi, duk sun ci."

"Wannan ba a ruwa yake ba. Shi ne babban mai taurin kan, na daɗe ina aika masa ƙanshi."

Kaka ya juya ya kalli kular. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda falon nan bai ji ba tun rasuwar matarsa, har hularsa ta zame.

"Ja'ira! Ashe ni ne dutsen. To, kin dafa ni. Miƙo cokali, amma ki tsaya nan ki tsare mini, kada kifinki mai tumbi ya gani."