Ranar da na tare motar rake

Mutanen Makarfi na cewa ban iya tuƙi ba. Ƙarya suke yi. A Maraɗi na koya da motar babana, sai dai can hannun dama ake bi, kuma da aure ya kawo ni Najeriya a wannan shekara ta 1970 ba wanda ya faɗa mini nan hagu ne.

Wata biyu ina damun maigidana kafin ya ba ni makullin motarsa in kai Inna, mahaifiyarsa, barka a Ikara. Na ga sitiyari a ɗaya ɓangaren, na ce shirmen Ingilishi ne, na riƙe damata.

Mun fita gari kaɗan sai ga babbar mota ɗauke da rake ta nufo mu. Na danna hon, direban ya danna. Ban kauce ba, tunda ni ke da gaskiya. Muka tsaya hanci da hanci. Na fito na wanke shi tas, har ina tambayar wanda ya ba shi lasin.

Ya bari na gama, ya leƙa ya gaida Inna, sannan ya ce, "Amarya daga wace ƙasa?"

Inna ta ce, "Daga Faransa, ɗan nan. Yi haƙuri." Haka suke kiran ƙasarmu a nan. Ta sauka, ta shiga gaban motar rake, ta koma gida.

Maigida ya karɓe makulli. Yanzu ko tsakar gida zan ratsa da tulu, sai ƙannensa su manne da bango suna cewa, "A kauce, ga Faransa nan."

Yau na ƙunsa lalle a hannun hagu kaɗai, don kada in manta hannun da ake bi. Yana kamawa zan je in karɓo makullin.