Rasuwar Totuma, Injin Gidan Fuenmayor

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, Nerio Fuenmayor na unguwar Santa Lucía a Maracaibo yake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, da ma waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar injin motarsa mai silinda takwas, wanda kowa ya sani da suna Totuma. Ya cika ranar Talata da rana tsaka a kan gadar tafki, yana da shekara hamsin da takwas a duniya.

Mahaifin Nerio, marigayi Don Telésforo, shi ya sayo motar a hannun wani Bature mai aikin haƙar mai a Cabimas. Shi ya raɗa wa injin Totuma, wato ƙwarya, domin a cewarsa kogon da mai ke ƙonewa a kan kowace silinda zagaye yake sumul kamar ƙwarya a kife, irin ƙirar sarakunan tsere. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikin murfin injin da ke shaida haka. Wanda ya liƙa allon ne dai ba a taɓa tambaya ba.

Marigayi Totuma mai kirki ne. Bai taɓa kunyata gidan a hawa ba, bai taɓa neman turi a gaban surukai ba. Idan aka tayar da shi da safe ya ce "gudum-gudum-gudum," tagogin layin kan amsa masa. Shi ya ɗauko amaryar Nerio daga coci, shi ya raka Don Telésforo makwancinsa. Batun shan mai kuwa a rufe shi, ba a tonon asirin mamaci.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Zafin jiki ya fara, sai farin hayaƙi, sai ruwa ya gauraya da baƙin mai. A tsakiyar gada ya ce "ƙwal, ƙwal," ya yi shiru.

Ya bar giyar mota ɗaya, lagireto mai yoyo, tayoyi huɗu, biyu sun suɗe. Ya bar Nerio. Ya bar mahaifiyar Nerio, Doña Chinca, mai shekara tamanin da tara, wadda idanunta suka daina gani. Ya kuma bar abokin gaba guda, Hermágoras Chourio, bakanike, wan matar Nerio, wanda ya shekara talatin yana faɗin magana ɗaya a duk inda aka zauna cin soyayyar ayaba.

"Suruki, wace irin ƙwarya ce fulogi ke shigar ta ta gefe? Ta gaske ta tsakiyar kai ake soka mata! An ɗora wa jaki sirdin doki ne aka sayar wa tsohonka."

Don Telésforo kan amsa da tsawa: "Na ƙasashen zafi haka ake ƙera su, jahili!" Ya kuma hana a kwance kan injin muddin Totuma yana numfashi, wai ba a feɗe mai rai.

To, yanzu ba ya numfashi. Al'adar masu tsofaffin motoci a unguwar kuwa sananniya ce: injin da ya mutu, a gaban jama'a ake cire masa kai, a rataye a bangon gareji, a rubuta sunan ƙirarsa a ƙasa gwargwadon abin da ido ya gani.

Ranar Alhamis da safe Nerio ya kasa haƙuri. Ya cire fulogi ɗaya, ya zura 'yar fitila da ɗan madubi ta ramin, ya leƙa. Ba ƙwarya ba ce. Wani lotsattsen kogo ne, gefe ɗaya a matse. Ya zauna a kan taya har kofinsa ya huce. Dariyar unguwa zai iya haɗiye ta. Tsohuwa ce tsoronsa, wadda duk abin da ya rage mata na alfahari shi ne mijinta bai taɓa yin ƙarya ba.

Ya gwada dabara. "Mama, mu ba masunta shi su riƙa ɗaure jirgi, kowa ya huta."

"Ka ji min yaro! A buɗe shi. Hermágoras ya buɗe da hannunsa, ya faɗa mini da bakinsa, sannan ya nemi gafarar ubanka a gaban mutane."

Nerio ya tafi garejin surukinsa don ya roƙe shi alfarma. Hermágoras ya dube shi yana goge hannu da tsumma.

"Ka leƙa ke nan."

Hermágoras ya ci gaba:

"Shekara talatin ubanka yana kira na jahili a gaban ma'aikatana. Tsohuwar nan kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba." Ya jefar da tsumman. "Sai Asabar."

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Chourio. Za a raba kofi da burodi. An tanadi kujera a sahun gaba domin Doña Chinca, wadda ta riga ta sa an goge mata baƙar rigarta. Hermágoras zai kwance notuna, shi zai ɗaga kan injin, shi za ta tambaya.

Iyalan mamacin ba sa buƙatar furanni. Alfarma ɗaya suke roƙo, a wurin mutum ɗaya, kuma har aka buga wannan sanarwa bai ce i ba, bai ce a'a ba.