Wa Ya Kai Macario Tukunyar Fure?

"Kaka, albarka."

"Allah ya yi miki albarka, ya kuma rage miki baki. Yau wace masifa ta tashe ki kafin kaji?"

"Minsharinka. Na ɗauka motar ɗibar kofi ce ta maƙale a kan tudu."

Ina kicin ina gurzar ɗanyar ayabar da zan yi pasteles, irin alalen ayabar da muke yi lokacin Kirsimeti, ina jin su ta taga. Haka suke kullum, mahaifina Eleuterio Quiles, wanda ake kira Don Teyo, da 'yata Yarelis mai shekara takwas. Duk unguwarmu a garin Adjuntas an san muryoyinsu. Ni Nilsa ce ke tsakiya, kuma wallahi ba na jin daɗin wurin.

Ni na sayo Macario, ɗan wadan aljanin Kirsimeti na tsumma mai jar hula, don in samu lafiya. Tun ɗaya ga Disamba yake gidan yana sa ido. Aka ce wa Yarelis in an kwanta yana zuwa ya kai wa Baban Kirsimeti rahoto, da safe a same shi a sabon wuri. Doka ɗaya ce: yaro ba ya taɓa shi. In ya taɓa, ƙarfinsa ya tafi, rahoto ya yanke, kyauta ta bi ruwa. Ita kuwa keke take nema tun watan Agusta. Sai ga yarinya tana wanke kwano, ta daina jan wutsiyar kyanwa. Baba ba shi da aiki sai zagin Macario, amma shi ke canza masa wuri kullum, don ni barci ke kwashe ni.

Jiya da dare, bayan Yarelis ta kwanta, a gabana ya rataye shi a kan nonon ayaba a kicin. Da safe babu shi. Yana baranda, zaune daram a tukunyar furen marigayiya mahaifiyata Mela, gefen kujerar lilon Baba, ya zuba masa ido. Baba ya dube ni ta taga, na girgiza kai. Ba ni ba ce.

Na miƙa masa ƙwayar maganinsa da ruwa, ya jefa a baki kamar kullum, na koma aikina. Tun da Mama ta rasu a watan Maris sukarinsa ke hawa. Likita ya ce ƙafar hagu ta fara daina ji, in ba a kiyaye ba yanke ta za a yi.

"Ke, kwaɗo," Baba ya ce wa Yarelis, muryarsa a cushe. "Wa ya kawo wannan munafukin nan?"

"Da ƙafarsa ya zo."

"Ƙafar auduga?"

"Ta fi taka sauri."

"Ji mini rashin kunya! A zamaninmu babu mai yi mana leƙen asiri. Ciyawa muke yankowa mu zuba a kwalin takalmi don dawakan Sarakuna Uku masu raba wa yara kyauta, mu kwanta, da safe ga kyauta. Mutunci da mutunci."

"Shi ya sa ka taso haka, ba mai kwaɓarka."

"Ni? Ni da ɗaya daga Sarakunan ya goya a bayan dokinsa har birnin Ponce saboda kyan halina?"

"Dokin ya kai, ko a hanya aka binne shi?"

"Ya kai, har ya roƙe ni in sake hawa. Ke kuwa ko jakin roba ba zai yarda da ke ba. Kuma kada ki kawar da magana. Wannan abu a kan ayaba yake."

"Jiya a cikin takalmin Mama yake. Yaushe ka gan shi a kan ayaba?"

Sai da na ajiye magurjin don kada dariya ta ƙwace mini. Tsoho ya shiga tarko. In ya ce shi ya rataye shi, ya fasa asirin da ya ɗauki mako biyu yana ɓoyewa.

"Na... fitowa na yi shan ruwa na gan shi."

"To ya canza shawara. Ko kai kaɗai ke da izinin taurin kai a gidan nan?"

"Aikinsa gadin yara ne. Me ya kawo shi gadin dattijo mai shekara saba'in da huɗu?"

"Ya duba gidan kaf, ya ga wanda ya fi kowa rashin ji."

"To ki ce masa ya juya. Ba na son a kafa mini ido ina shan kofi."

"Kai ka juya shi mana. Ko jira kake ya kau da kai don ka tofar?"

Na leƙa. Baba ya haɗe baki, kumatunsa na hagu a ɗan kumbure, yana kallon duwatsu kamar yau ya fara ganinsu.

"Tofar da me?"

"Abin da ke bayan harshenka."

"Haƙorina ne."

"Haƙoranka suna cikin kofin gilashi a ɗaki, na gaishe su da zan wuce."

"Nuna mini farcenki, 'yar sa ido."

Ta ɓoye hannu a baya, sai kuma ta miƙo. Farcen duk baƙar ƙasa. A tafin hannun kuwa ga ƙwayoyi farare, wasu rabi sun narke, wasu sun manne da juna. Ni da ke tsayawa kullum har in ga ya jefa a baki!

"Goma sha ɗaya," in ji ta. "Ban da waɗanda ruwan sama ya cinye."

"Furen ne ba shi da lafiya. Ina taimaka masa."

"Furen Kaka Mela ba shi da ciwon sukari. Dubi ganyensa, duk ya yi rawaya. Kai ka ƙi warkewa, shi ma za ka kashe shi."

Ya zaro ƙwayar daga bakinsa, ya riƙe ta da yatsu biyu yana juyawa. Na so in fito in yi ta masifa. Amma na yi masifar nan wata tara, me ta haifar? Na tsaya a bakin ƙofa.

"Kin taɓa shi," in ji Baba a hankali. Wannan karon babu zolaya a muryarsa.

"Na taɓa shi."

"Kin san doka."

"Na sani. Na hau kujera na ciro shi da hannu biyu. Har na ba shi haƙuri."

"Keken fa? Wata huɗu kina cika mana kunne. Ja, mai ƙararrawa, mai kwando a gaba."

"Ya tafi." Ta cije leɓe. "In na gaya wa Mama, faɗa za ku yi, ka ƙi cin abinci kwana biyu. Na gaya maka da kaina, ka ce kwaɗo ba ya ba mutum shawara. Na ce bari in kawo wanda ake jin tsoro. Na san ƙarfinsa zai tafi, amma na ɗauka kai ba za ka gane ba."

Baba ya dubi furen.

"Kakarki ce ke tsaya mini a kai," in ji shi. "Shekara arba'in da ɗaya tana gadina. In na haɗiye sai ta ce in ɗaga harshe, kamar ɓarawo. Da ta tafi, na ga babu wanda zan yi wa wayo, babu kuma wanda zan sha dominsa. Ƙafa ɗaya ta ishi mai zama a kujera."

"Ba ta isa ba."

"Ke likita ce?"

"Ko an kawo keken, ban iya ba. Wa zai riƙe mini sirdi ya bi ni da gudu? Mama? Sau biyu zan faɗi ta ce a mayar da shi kanti."

"Wannan gaskiya ne," in ji Baba. "Uwarki ba ta gaji haƙuri ba."

"Ina jin ku!" na ce daga ƙofa. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na sayo ɗan tsumma don ya gyara mini yarinya, ashe ita ke kallon abin da ni ban gani ba.

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ciro Macario daga tukunyar, ya kaɗe masa ƙasa, ya ɗaga shi daidai hancinsa.

"Kai, munafuki, buɗe kunnenka. Duk wanda ka samu a can, ka ce Eleuterio Quiles ne ya jawo wannan ta'asa. In akwai wanda za a hana kyauta, ga ni. Yarinyar nan kuwa, in aka rage ko ƙararrawa daga kekenta, da ƙafafuna biyu zan tako har inda kuke."

"Ba ya ji, Kaka. Ƙarfinsa ya tafi."

"Ana barbaɗa masa kirfa ya farfaɗo, kowa ya san wannan. Ai ba mutum ba ne da sai an yi ta lallashi. Nilsa, kawo sabuwar ƙwaya, wannan ta sha wahala."

Na kawo. Yarelis ta karɓe daga hannuna, ita ta miƙa masa, ta riƙe kofin ruwan. Ya haɗiye, ya yi mata gwalo.

"Shi ke nan, shugaba?"

"Ɗaga harshe."

Ya tsaya yana kallonta. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ban ji ba tun Maris, har da tari, har idonsa ya kawo ruwa. Ya wangale baki ya ɗaga harshen. Babu komai.

"Kin ci," in ji shi. "Gobe ma ki zo da wuri, ni ba abin yarda ba ne."