Yadda Za Ka Shawo Kan Jar Fitilar Mai Alhali Surukinka Yana Gaban Mota

Ɗan'uwa, tunda kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan kowa ya zama mai mota, har da irinmu da jiya-jiya muke tura baro. To, matso kusa. A bayan sitiyarin motarka akwai wata 'yar fitila ja. Kanikawa suna cewa in ta kama, baƙin mai ba ya zagaya injin, wai sai ka tsaya nan take ka kashe mota. Wannan maganar mutanen da ba su taɓa ɗauko surukinsu daga tashar jirgi ba ce. Ni Gwadabe mai man gyaɗa, na unguwar Fegge a Anaca, ina da tawa hanyar, kuma na gwada ta da kaina a shekarar 1975. Ina ba ka tabbacin in ka bi ta sau da ƙafa, fitilar nan za ta mutu murus kafin ka cinye mil hamsin.

Mataki na ɗaya: Samo surukin da ya dace

Ba kowane suruki ne ya cancanci wannan aiki ba. Nemi wanda ba ya ƙaunar garin da kake zaune. Nawa, Baba Muntaka, ya bar Anaca da kayan jikinsa kaɗai gab da yaƙin basasa, ya koma Kano ya kama sayar da hatsi, kuma ko sunan garin ba ya so a ambata a gabansa. Da ƙyar ya bari na taho da 'yarsa Sakinatu. Da ta haifi ɗanmu na fari sai ya aiko da wasiƙa: yana tafe ya ga zamanmu da idonsa. In bai gamsu ba, zai tafi da ita da jaririn Kano wankan jego. Na san irin wannan wankan, ba a sa masa ranar dawowa. Gaskiya hankalina ya tashi, don ina son matata, kuma ban ƙoshi da ganin yaron ba.

In ka sami kanka a haka, kada ka ɓata lokaci wajen gyara hali. Sayi mota. Ni Fijo na saya, fara sol, na sa aka wanke ta sau biyu a rana ɗaya.

Mataki na biyu: Kada ka duƙa

Sa farar babbar riga ka kama hanyar Inugu, inda jirgin ƙasan Arewa yake sauke mutane. Hanyar ba ta gama warkewa daga yaƙi ba, saboda haka wajen Udi za ka faɗa wani rami, ka ji cikin motar ya bugi dutse, gwaram. Zuciyarka za ta ce ka sauka ka leƙa. Kada ka saurare ta. Mai sabuwar mota ba ya durƙusawa a gefen titi kamar wanda ya yar da kwabo. Ce "Allah ya sawwaƙe," ka sa giya.

Mataki na uku: In ta yi ƙifta ido, taka totur

A tasha ka zube ƙasa ka gaida surukinka, ka karɓi jakarsa, ka buɗe masa ƙofar baya. Nawa ya dubi kujerar baya ya ce, "A'a, Gwadabe, ni gaba na saba." Ban tambayi inda ya saba ba. Kai ma kada ka tambaya.

Muna tsaye a bayan wata tifa a gindin tudun Milikin, injin yana tafiya a hankali, sai fitilar ta yi ƙifta ido. Ta mutu. Ta sake. Nan ne ilimi yake farawa. Taka totur, za ka ga ta ɓace. Masana irina sun tabbatar cewa fitilar nan tsoron gudu take yi, saboda haka maganinta gudu.

Kada ka kuskura ka ce wa suruki komai. Kai da ko ruwa ba ka sha a gabansa, ko ido ba ka haɗawa da shi, ta yaya za ka buɗe baki ka ce motar da ka zo yi masa burga da ita tana ciwo? Shi ma ba zai ce maka komai ba, don dattijo ba ya kunyata mijin 'yarsa a cikin motarsa. Wannan kunya ta ku biyun ita ce ginshiƙin hanyata gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: Rufe ta

Bayan mil goma fitilar za ta daina wasa, ta kama sosai ta zauna daram. Kada ka firgita. Ciro ganye ɗaya daga ƙunshin goron da ka kawo wa suruki, ka ɗan jiƙa shi da yawu, ka manna a kanta. Ganyen goro yana kamawa da kyau.

Baba Muntaka ya dubi ganyen, ya dubi hanya, ya ce, "Ganyen nan ya sami wurin zama."

Na ce, "Hasken rana ne yake dukan gilashin, Baba."

Ya ce, "Allah Sarki. Rana."

Mataki na biyar: Kada ka gane hannunka-mai-sanda

Daga nan suruki zai fara yi maka magana a kaikaice. Aikinka shi ne ka amsa da ladabi, kada ka fahimta.

In ya ce, "Yaushe rabon motar nan da a duba mata mai?" ka ce, "Ai sabuwa ce, Baba."

In ya ce, "Ga inuwa can mai kyau, ko mu ɗan tsaya mu miƙe ƙafa?" ka ce, "Ai ban gaji ba, Baba, kada Sakinatu ta yi ta jira."

In ya ce, "A da can, in mota ta bugi dutse, akan leƙa ƙasanta," ka ce, "Ai motocin da ke nan."

Wani direban babbar mota zai wuce ku, ya leƙo ta taga yana nuna titi, yana ihu: "Aboki! Ya moto dey piss o!" Wai motarka tana fitsari. Ɗaga masa hannu da murmushi, ka gaya wa suruki cewa mutanen nan akwai son gaisuwa. Ni na manta cewa Baba ya yi shekara ashirin a ƙasar nan, ya fi ni jin abin da aka ce. Ya dai sa goro a baki.

Mataki na shida: Yi magani a ɓoye

A Oji Riba azahar za ta yi. Ba suruki buta, ka jira ya kewaya bayan bishiya, sannan ka ruga ka ɗaga bonet. Zaro ƙarfen awon mai. In ka gan shi a bushe ƙamas, mayar da shi maza, ba shi da abin da zai ƙara gaya maka. A ƙasan motar za ka ga wani ɗan baƙin tabki yana taruwa. Tura masa ƙasa da takalmi.

Yanzu tunani. Babu gidan mai kusa, amma kai ɗan kasuwa ne, kuma akwai garwar man gyaɗa a but, ta Kano, tatacce, wanda ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Na ce a raina, abin da ya yi wa cikin ɗan Adam kyau me zai yi wa ƙarfe? Na tuntsura rabin garwa a cikin injin, na rufe bonet, na je na yi alwala kamar mutumin kirki.

Da muka tashi na ɗaga gefen ganyen. Fitilar ta mutu! Har na fara tsara yadda zan ba abokai labari a Fegge. Bayan mil uku wani ƙamshi ya cika motar. Baba Muntaka ya shaƙa sau biyu ya ce, "Kamar ana suyar ƙosai a ƙauyen nan."

Na ce, "Suna yi sosai, Baba."

Ya ce, "Kuma ƙauyen yana bin mu."

Mataki na bakwai: Ƙara rediyo

Bayan Oka za ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas daga gaba. Ƙara rediyo. Zai koma ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ƙure rediyo. Daga nan motar za ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru, ta gangara gefen titi da kanta. Ɓare ganyen ka duba. Kashe makulli. Ka gani? Babu ja ko ɗigo. Na cika alkawarina.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin tsarin, amma zan faɗa. Baba Muntaka ya fita, ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ɗora hularsa a kai, ya kwanta rigingine a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar. Dattijo mai shekara sittin da wani abu. Ina tsaye kamar an dasa ni. Can ya turo hannu waje, baƙi ƙirin da mai, ya ce in duƙo. Na duƙa da farar rigata.

Ya ce, "Ga tsagar nan a kwanon mai, ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Da ka tsaya a Udi, sabulun kwabo biyar ya toshe ta har gida. Fitilar nan abu uku take faɗa: ko mai ya ƙare, ko famfon mai ya gaji, ko waya ce ta yi ƙarya. Duka ukun a tsaye ake gane su, ba a guje ba."

Na ce, "Baba, ashe ka san mota?"

Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina jan babbar mota tsakanin Anaca da Kano. A garejin Fegge na bar ta ranar da muka gudu. Tun daga ran nan hannuna bai taɓa baƙin mai ba sai yau." Ya dubi tafinsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Tun daga Milikin na ga fitilar. Ina jira ka faɗa, kana jira in yi shiru. Mu biyu muka kashe motar nan."

Kunya ta kama ni har na ji kamar in shige ƙarƙashin motar in zauna a can. Amma abin da ya fi damuna, na tabbata Sakinatu ta tafi Kano.

Mataki na takwas: Karɓi hukunci

Da igiya aka ja mu muka shiga Fegge, wata motar doya a gaba, farar Fijo a baya, Baba Muntaka ne a sitiyari, ni ina gefe. Duk layinmu sun fito kallo. Nikodimus bakanike, mutumin Kafanchan, ya buɗe injin washegari, ya shinshina, ya ce, "Oga Gwadabe, wannan ba gyara take so ba, yaji take so."

Kwana uku ina jiran hukuncin Baba. Kullum da safe sai ya ɗauki jikansa ya yi masa wasa, sannan ya wuce garejin Nikodimus, ba ya dawowa sai la'asar, hannu duk mai. Ran na huɗu ya kira ni, Sakinatu tana bayan ƙofa tana ji. Na durƙusa.

Ya ce, "Gwadabe, mutumin da ya ga ja ya manna mata ganye, ba zan bar masa 'yata da jikana shi kaɗai ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Saboda haka a share mini ɗakin zaure. Na aika Kano a sayar da hatsin."

Yau shekara uku ke nan. Sakinatu tana nan, yaro yana gudu, Baba da Nikodimus sun haɗa gareji. Kowace safiya, kafin in sha koko, sai na ji murya daga zaure: "Gwadabe! Zaro ƙarfen nan mu gani." In zaro, in goge, in mayar, in sake zarowa, in kai masa da hannu biyu, maƙwabta suna kallo.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya sami injinka, ko rigarka, ko mutuncinka a unguwa. Wanda ya zuba man gyaɗa ya zuba don kansa, wanda ya gwada manja kuwa ban san shi ba. Na yi alkawarin fitila za ta mutu, ban yi alkawarin mota za ta rayu ba. Mai ƙorafi ya zo Fegge da sassafe, amma kada ya neme ni, ba ni da ta cewa a gidan. Ya tsaya a zaure, akwai dattijon da zai tambaye shi yaushe rabonsa da duba mai.