Arzikin Aro

Ba zan taɓa mantawa da damuwar da na shigo Tsafe da ita ba. Tun kafin yunwa ta fara cina, tsorona ɗaya ne: kada a ce matar nan bara ta zo yi. Mun baro ƙauyenmu na wajen 'Yankuzo ranar da 'yan bindiga suka shigo, gero na rumbu, awaki na turke, muka fito da kayan jikinmu. Kawun maigidana ya ba mu wani ɗaki da ba a gama ginawa ba, ko ƙyaure babu, buhu muka rataya. Maigidan kullum yana tasha wurin dako. 'Yata kuwa (ta fari ce, kun san ba zan faɗi sunanta ba) shekararta ɗaya da rabi, amma hannunta kamar sillen kara.

Ran nan mai unguwa ya aiko cewa gobe ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje za su bi gida-gida suna rubuta sunaye. Ni da na tsaya aji uku, ba wanda ya gaya mini abin da suke dubawa. Abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne baƙi za su zo. Innata kuwa da haka ta raine ni: baƙo ba ya ganin tsiraicin gida.

Da sassafe na shiga wurin maƙwabciyata Inna Kulu, na ari tabarma sabuwa, labule, kwanonin jere, da rigar sallar jikarta mai dogon hannu. Ta ba ni da saurin da ya ba ni mamaki, har ta ƙara mini da rediyo. (Daga baya na gane tsohuwar nan ɗakinta take kwashewa kafin a zo gare ta, ni kuma na zama rumbunta.) Ta sam mini shinkafa da wake, na dafa, na zuba mai da yaji na rufe. Kwana huɗu rabonmu da wani abu in ba kunu tsararo ba. Na wanke yarinya, na ranɗa mata kwalli, na ja hannun rigar ya rufe ramar.

Wajen hantsi suka iso, mata biyu. Babbar wata Malama ce daga Gusau, riƙe da waya mai faɗi. Na shimfiɗa musu tabarmar mutane, na ajiye musu abinci, suka ce sun ƙoshi.

"Sau nawa kuke ci a rana?" in ji Malama.

"Sau uku, Alhamdulillahi."

"Kun taɓa kwana ba ku ɗora tukunya ba?"

"Allah shi kiyaye, Malama!" Har da dafe ƙirji na yi.

Ta dubi kwanoni, ta dubi rediyo, ta latsa wayarta. Sannan ta ce, "To madalla, ke kam Allah ya rufa miki asiri. Kin san tallafin bana ya ragu, masu bayarwa can waje sun ja hannu, dole sai mun zaɓi waɗanda suka fi jigata."

Sai lokacin na gane abin da na yi wa kaina. Yaya zan ce ƙarya na shirga tun daga tabarma?

Ashe muna magana yarinya ta rarrafa ta ture murfin kwano. Hannu bibbiyu take cusa shinkafa, tana shaƙewa tana ƙarawa. Na janye ta, ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, har yanzu tana kunnena. Malama ta ce in miƙo ta. Ta naɗe hannun rigar. Ta ciro ɗan zaren awon nan mai launi uku ta zagaya damtsen. A kan ja ya tsaya, alamar tamowa mai tsanani.

"Wannan ce mai ci sau uku?"

Kafin in nemo amsa, sai ga kan Inna Kulu ta saman katanga (an riga an rubuta ta, hankalinta kwance). "Malama, kada ki biye ma wagga sakarya! Duk abin da kika gani nawa ne, har rigar ɗiyar. Buhun ƙofa kaɗai ne nata!"

Matan da suka taru a ƙofa suka kwashe da dariya. Ni dai na dubi ƙasa ina roƙon ta tsage. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Haba ƙanwata, ni kike jin kunya, ko yunwar?"

Ta rubuta mini takardar asibiti, aka sa yarinyar a layin karɓar gyaɗar tamowa, wadda ake ba yara masu rama, kuma da ita Allah ya tashe ta, ko da yake wani makon mukan je a ce ta ƙare. Batun abinci kuwa, Malama ta ce amsoshina sun riga sun tafi, amma za ta yi ƙoƙarin gyarawa. Na yarda ta yi. Da sunaye suka fito dai babu nawa. Duk daminar nan ina kallon mata suna wucewa da buhunansu, ni da kununa. Inna Kulu takan ɗibar mini a nata, ba ta taɓa fasawa ba, haka ma ba ta taɓa fasa kirana Hajiya Sau-Uku ba. Sunan ya bi ni har rijiya.

Na dai koyi cewa asirin da aka rufe da tabarmar aro, ciki ne ke biyan kuɗin hayarsa, kuma ba cikin uwa kaɗai ba.

In kai mai karatu kana cikin masu wannan aiki, ko ka san wani a ciki, roƙona ɗaya ne. Idan mace ta ce muku Alhamdulillahi, kada ku yi saurin latsa waya. Ku fara naɗe hannun rigar ɗanta tukuna.